Kurtu Mai Shekara 26: Yadda Wani Bakanike Daga Sakkwato Ya Shiga Soja a Ƙurarren Lokaci

A wurin masu ɗaukar kuratan sojan ƙasa a Najeriya, wanda ya haura shekara 22 ya fara tsufa. Ƙa'idar da rundunar ke fitarwa duk lokacin da ta buɗe ɗauka ita ce mai neman shiga hannu rabbana ya kasance tsakanin shekara 18 da 22, mai sana'a kuma kada ya wuce 26. Don haka idan an ce tsohon kurtu, kada a hango mai furfura. Saurayi ne wanda a unguwarsu har yanzu ake aikensa sayen goro.

Ni malamin Turanci ne a wani darasin yamma cikin garin Sakkwato, inda masu gyaran takarda ke zuwa bayan la'asar. A nan na san mutumin da wannan rubutu ya bi sawunsa. Ya yarda in ba da labarinsa da sharaɗin in ɓoye sunansa da ƙauyensu da inda yake aiki yanzu, saboda haka Bakanike zan riƙa ce masa.

Asali, 1997 zuwa 2021

An haife shi a Disambar 1997 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sabon Birni, ƙasar Gobir, kusa da iyakar Nijar. Ya gama sakandare a 2016. Ya ci lissafi da Hausa da aikin gona da darasin addinin Musulunci, ya faɗi Turanci warwas da F9. A shekarar ce kawunsa ya kawo shi Sakkwato ya danƙa shi hannun wani mai gareji da ke bakin hanyar Gusau, inda ake gyaran manyan motoci masu shan gas. Bayan shekara biyar ubangidansa ya yaye shi, ya yanka masa gefe a cikin garejin. Yana da yara uku a ƙarƙashinsa, suna kiransa Oga.

Tsawonsa mita 1.72, nauyinsa a lokacin kilo 74. Yana shan sigari kamar kara goma a rana, kuma yana fama da ciwon baya irin na masu kwana ƙarƙashin mota. Bai taɓa tunanin kaki ba.

Ƙarshen 2021: inda niyyar ta tsiro

Mutanen gabashin Sakkwato ba su manta da wannan shekara ba. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, mutum ya yi makonni bai ji muryar nasa ba. A Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo. A Disamba aka ƙona motar matafiya a yankin Sabon Birni. Tsakanin waɗannan manyan labarai akwai ƙananan da ba su shiga rediyo ba, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne kisan yayan Bakanike a gona lokacin girbin gero. Labarin ya iso masa bayan kwana tara, ta bakin wani direba.

Mahaifinsu ya riga ya rasu tun yana firamare. Ya ɗauko mahaifiyarsa da ƙannensa uku ya kama musu ɗaki a Mabera. A Disambar shekarar ne ya cika shekara 24. Da farko ya yi tunanin shiga 'yan sa-kai, amma gwamnatin jihar ta haramta su a wannan tsakanin, shi kuma ba ya son abin da zai sa a farauce shi ta fuska biyu. Daga baya, da na tambaye shi abin da yake nema a lokacin, cewa ya yi: "Malam, ni dai in riƙa bindiga da izinin hukuma, in koma gida." Ya riga ya wuce iyakar shekarun da biyu, kuma bai sani ba.

2022: yunƙurin rage shekaru

Da aka buɗe ɗauka ya tafi shagon intanet, mai shagon ya duba katinsa ya ce ya makara. Abokai suka ba shi shawarar da kowa ke bayarwa: ya je a yi masa takardar rantsuwa a kotu, a mayar da haihuwarsa 2001. Ya yi. Da kuɗin takardar da hotuna da na shago ya kashe kusan ₦9,000.

Takardar ba ta tsinana komai ba. Shafin neman aikin yana tambayar lambar NIN da ta BVN, kuma dukansu 1997 suke ɗauke da ita, haka ma takardarsa ta sakandare. Mai shagon ya gaya masa gaskiya: ko ya yi nasarar juya ɗaya, biyu za su tona shi ranar tantancewa. Ya yi wata biyu yana kai-komo yana tambayar masu cewa sun san hanya, har wa'adin ya cika.

Akwai wani abu da babu wanda ya nuna masa a duk wannan zirga-zirga. Ko da shekarunsa 19 ne, da ba a ɗauke shi ba, domin ana bukatar a ci darussa huɗu har da Turanci, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Shi kuwa F9 ɗinsa tana nan tana jira a cikin leda.

Ƙarshen 2022 zuwa Maris 2023: mai hanya

Wani mutum ya fara kawo mota garejin, da bel ɗin soja rataye a madubi. Yana magana da ƙasaita, yana ambaton manya da sunayensu na yanka. Ya ce a kowace ɗauka akwai gurabe da ake ware wa manya, kuma a nan ba a duban shekaru ko takarda. Kuɗin ₦250,000, a ba da ₦150,000 kafin alƙalami, saura bayan an shiga.

Bakanike ya sayar da babur ɗinsa. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, farkon 2023, don haka ta waya ya tura kuɗin zuwa wani asusu mai sunan da ba na mutumin ba. Bayan mako uku aka turo masa takardar kira ta WhatsApp, da tambarin soja a samanta, an ce ya bayyana a Zariya. Ya yi sallama da yaransa, ya bi ta Gusau da Funtuwa, tafiyar kusan kilomita 400. Sojan da ke bakin ƙofa ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya tambaye shi nawa ya biya. Da ya faɗa, sojan ya miƙa masa ita ya ce ya ɓace daga wurin tun kafin wani da ya fi shi zafi ya gani.

Wayar mai hanya ba ta sake shiga ba. Asarar ta kai ₦170,000 idan an haɗa da kuɗin mota da abinci. Bai kai ƙara ba: kunya ɗaya, tsoron a ce shi ma ya ba da cin hanci biyu. Rundunar tana nanatawa a kowace sanarwarta cewa neman shiga kyauta ne, amma shi sanarwar ba ta taɓa zuwa hannunsa ba, kuma da Turanci ake rubuta ta.

Yuni 2023: tsohon samanja

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu aiki ya ja baya a garejin, aka koma zaman ƙarƙashin dogon yaro. Cikin masu zuwa akwai wani dattijo, samanja mai ritaya, da tsohuwar a-kori-kurarsa da ba ta wata guda ba ta yi tari ba. Yaran gareji ne suka tsegunta masa labarin Zariya. Ya kira Bakanike gefe.

"Ɗana, shekarunka nawa? Na gaskiya nika so."

"Ishirin da biyar, Baba."

"Shekara nawa kana riƙe da sifana?"

"Bakwai."

"To mi ya kai ka layin yara? Kai da ka da ƙofarka daban."

Ya yi masa bayanin abin da bai taɓa ji ba: soja ba masu harbi kaɗai take ɗauka ba. Tana bukatar direbobi da kanikawa da masu walda da teloli da magina da masu girki, kuma su an ɗaga musu ƙafa har shekara 26, muddin suna da takardar shaidar sana'a. Suka zauna suka yi lissafi a bayan kwalin batir. Zai cika 26 a Disambar 2023, ya shiga 27 a Disambar 2024. Abin da ya rage masa ke nan ɗaukar shekarar 2024, daga ita sai haƙuri. Samanja ya rubuta abubuwa huɗu da ajami: Turanci, takardar sana'a, aure, jiki. Ya ce duk wanda ya faɗi cikin huɗun nan ya ja sauran.

Yuli 2023 zuwa farkon 2024: takardu

Ranar da ya fara zuwa ajina hannunsa da baƙin mai, ya zauna a benci na ƙarshe tsakanin yaran da suka gama sakandare bara. Turancinsa wani iri ne. Ya san sunan kowane ƙarfe a cikin inji, yana iya karanta lambar kayan gyara a jikin kwali, amma ba ya iya haɗa jimla uku a wasiƙa. Wata huɗu muke da su, kwana uku a mako. Na bar zurfafan dokokin nahawu, muka tsaya kan abin da ke kawo maki: wasiƙa, fahimtar labari, taƙaitawa, da tsofaffin tambayoyi. Na sa shi ya riƙa rubuta mini yadda ake gyara abu kaza a mota, mataki-mataki. A nan ne alƙalaminsa ya saki, don abin da zai faɗa yana nan a kansa, kalmomin ne kawai suke ɓuya.

Ya zauna jarrabawar NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen 2023. Sakamako ya fito da D7. A wurin mai neman jami'a wannan faɗuwa ce. Shi kuwa ta ishe shi, tunda abin da ake nema a ci ne, kuma idan aka haɗa da takardar 2016 zama biyu ke nan.

Takardar sana'a ta fi sauƙi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke shirya gwajin, mataki uku ne, ana farawa daga na uku a haura zuwa na ɗaya. An yi masa tayin a kawo masa ita har gareji ba tare da ya je ko'ina ba. Samanja ya hana, ya ce maciji ya riga ya sare shi sau ɗaya, kuma wanda ya iya aikin ba shi da dalilin sayen shaidarsa. Ya je ya yi gwajin ya samu mataki na uku.

Aure da sa hannun Inna

Wannan ya fi Turanci wuya nesa ba kusa ba. Ana bukatar mai neman shiga ya kasance ba shi da aure, shi kuwa tun 2021 aka yi masa baiko da 'yar kawunsa, an tsayar da biki bayan ƙaramar sallar 2024. Wasu suka ce a ɗaura a ɓoye, wa zai sani? Ya ƙi, domin ya ga inda ƙarya ta farko ta kai shi. Ya je ya durƙusa gaban kawu ya nemi a ɗaga. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ba shi shekara guda, ya ce ba ya ƙara ko kwana.

Sai kuma fom ɗin amincewar iyaye. Abin dariya ne a ga mai ciyar da gida yana neman a sa masa hannu kamar ɗan makarantar kwana, amma haka tsarin yake. Mahaifiyarsa ta ce sam. "Na ba daji ɗa guda, ba ni ƙara mai wani." Ya turo abokansa, ta kore su. Ya kawo mata hujja da lissafi, ta juya masa baya tana jan carbi. Wata biyu ana haka.

Abu biyu ne suka sauya ta. Matar samanja ta je ta wuni a ɗakinta, mace da mace, ta ba ta labarin zaman bariki na shekaru, mai daɗin da marar daɗin, ba ta yi mata alkawarin cewa ba a mutuwa ba. Sannan aka zauna gaban ubangidansa na gareji aka tsara cewa babban yaronsa zai riƙe wurin, ya riƙa kai wa Inna kaso duk Juma'a. Ashe rabin tsoronta na tukunya ne, kunya ta hana ta faɗa. Ta dangwala yatsa, ta ce, "Allah shi tsare," ta shige ɗaki.

Janairu zuwa Yuni 2024: jiki

Ya fara da gaggawar wanda lokaci ke kora. Kullum da asuba cikin hunturu yana gudun kusan kilomita biyar a kan kwalta, da takalmin roba. A kwana na goma sha biyu ƙwaurinsa duka biyu suka ɗauki ciwo, ko taka kuloch ba ya iyawa. Mako uku ya yi ba gudu.

Da ya dawo ya sauya tsari bisa shawarar samanja: kwana uku a mako, a kan turɓaya, da kambas na gwanjo, a fara da kilomita biyu a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, zafin Sakkwato yana haura digiri 40 da rana, sai ya mayar da gudun bayan tarawihi. Cikin azumin ya bar sigari. A Janairu yana cin kilomita uku a minti 19. A Yuni ya dawo minti 14 da rabi. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 68. Ya kuma je asibiti da kansa aka auna jininsa da idonsa, don kada ya ji wani labari a gaban likitan soja.

Tsakiyar 2024: tantancewa

Aka buɗe ɗauka, ya cike fom a layin masu sana'a da shekarunsa na gaskiya. Abin da ya kashe ₦1,500 ne, kuɗin shago da buga takardu. Sunansa ya fito, ya je barikin Giginya da takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta mai tsaya masa da sauran. Aka duba takardu, aka auna tsawo, inda ake neman mita 1.68 ga namiji, aka yi gwajin lafiya da gudu. A gudun tsakiya ya zo. Ya ce ya ga yara da yawa da suka fi shi ƙafa an fitar da su tun a teburin farko saboda ranar haihuwa ta saɓa tsakanin takarda da takarda. Shi an yi masa tambayoyi kan injin gas da ya ƙi tashi bayan mai ya ƙare, ya ba da amsa rabi da Turanci rabi da hannu.

Wata shida a Difo

Difo ɗin Zariya tun 1924 yake horar da kurata, kuma ba ya tambayar kowa abin da ya bari a gida. Aka aske masa kai, aka ba shi lamba, aka jefa shi cikin yaran da mafi yawansu sa'o'in ƙanensa ne. Kafin mako ya zagayo sun laƙaba masa Baba.

Matsalar farko ba ta jiki ba ce. Kofur ɗin da ke kula da su ya girme shi a kaki, amma a haihuwa Bakanike ya ba shi shekara biyu. Mutumin da ya saba ya ɗaga gira yara uku su ruga, yanzu yaro ne ke sa shi tsallen kwaɗo a cikin taɓon damina saboda wani can ya yi dariya a layi. Ya ce gwale-gwalen bai dame shi kamar rashin dalilinsa ba. A gareji idan ya hukunta yaro, akwai notin da aka ɗaure ba daidai ba. A nan laifin mutum ɗaya na kowa ne. A mako na biyu ya buɗe baki ya ce ba shi ya yi ba. Sakamakon haka aka ƙara wa rukuninsu duka, yaran kuma suka yi kwana biyu ba su yi masa magana ba. Sai ya koma gefe, ba ya shiga hirarsu, yana ganin shirme ce. Wannan ma bai taimaka ba: wanda ba shi da aboki a irin wurin nan ba shi da mai tashinsa idan barci ya sace shi, ba shi da mai ara masa abin goge takalmi.

Ga kuma harshe. Turancin da na koya masa na wasiƙa ne, a can kuwa broka ake yi da sauri, umarnin fareti kuma ihu ne da sai kunne ya saba. Ƙafarsa ta riƙa makara da rabin taki. Yaran suna ɗaukar maci kamar rawa, shi sai ya yi tunani kafin ya juya, tunanin nan kuwa shi ne makarar.

Kuskure na uku shi ya kusa fitar da shi. Don ya wanke sunan Baba, ya shiga tsere da 'yan shekara 18 a gudun safe. A mako na shida gwiwarsa ta dama ta kumbura. Ya ɓoye kwana huɗu don tsoron a sallame shi, har ta kai ba ya iya durƙuson salla. Da ya kai kansa wurin masu magani aka ba shi hutun 'yan kwanaki daga gudu, aka ɗaure gwiwar. Ya ce a kan gadon nan ya yi lissafi: ɗan shekara 18 idan an mayar da shi gida yana da sauran ɗauka a gabansa, shi kuwa wannan ce ta ƙarshe. Daga ranar ya daina neman gaba, ya tsaya tsakiyar layi, inda ba a yabo ba a duka. Lokacin da yara ke hira bayan an kashe fitila, shi barci yake.

Abin ya juya ne da aka zo darasin kwance bindiga da haɗa ta. Mutumin da ya yi shekara takwas yana warware famfon gas a kan buhu, yana jera ƙananan ƙarafa bi da bi don kada ɗaya ya ɓata, AK-47 ba ta ba shi wahala ba. Ya gane aikin kowane yanki tun a kallon farko. Yaran da suka rikice suka fara matsowa kusa da shi da yamma. Aka yi musaya ba tare da an faɗa ba: yana nuna musu bindiga, wani yaro daga kudu yana kama shi a bayan ɗaki yana ƙirga masa taki har ƙafarsa ta daina jiran kansa. A bakin yaron nan ya koyi broka. Sunan Baba bai tafi ba, amma ya sauya launi. Idan biyu suka yi faɗa a kan guga wurinsa ake zuwa kafin kofur ya ji. Shi ke tashin ɗakin kafin busa, don jikinsa ya saba da asubar gareji.

Game da kofur ɗin, bai ce sun zama abokai ba. Cewa ya yi wata rana ya lura mutumin yana gyara wa wani yaro ɗaurin kaya kafin tafiyar daji, irin yadda shi yake duba jak kafin yaronsa ya shiga ƙarƙashin mota. Daga nan tsawar ta rage yi masa ciwo.

Bayan faretin yaye

An yaye su a ƙarshen shekara, cikin hunturu, daf da cikarsa 27. Inna ba ta je Zariya ba, samanja ne ya je da ƙanen Bakanike.

Yana Difo aka fara maganar 'yan bindigar Lakurawa a Tangaza da Gudu, kuma da yake hedikwatar runduna ta 8 a Sakkwato take, ya sa rai za a turo shi gida. Ba a turo shi ba. An kai shi wani sashen gyaran motoci a jihar da ko sunan garuruwanta bai sani ba. Yana riƙe bindiga ranar gadi. Sauran kwanaki sifana ce a hannunsa, kamar da. Farabiti ne, sa'o'insa da suka shiga da wuri kuwa wasu sun ɗaura igiya biyu.

An gaya masa aure sai ya ɗan daɗe a aiki kuma ya nemi izini. Shekarar kawu ta cika, aka ba wani yarinyar a 2025. Kason gareji ya yi wata biyar yana zuwa, sannan ya fara tsallake Juma'a, yanzu albashinsa ne ke riƙe da ɗakin Mabera. Bai sake sayen babur ba. Gwiwar tana yi masa magana lokacin sanyi. Ƙauyensu har yanzu ba a koma ba.

Abin da na gani a lamarin

Yunƙuri biyun farko sun faɗi ne saboda ya ɗauki shekarunsa a matsayin aibin da za a ɓoye, da takardar kotu ko da kuɗi. A zamanin da NIN da BVN da takardar makaranta ke gaskata juna, ɓoyon nan ya yi wuya, kuma neman sa ne ke kai mutum hannun masu bel a madubi. Wata goma sha biyar da kusan ₦180,000 suka tafi a kan hanyar da ko ta buɗe, F9 za ta rufe ta. Abin da ya shigar da shi shekarun nan ne dai da yake gudu, waɗanda ya yi a ƙarƙashin mota, bayan an mayar da su takarda. Bayanin kuwa a fili yake cikin kowace sanarwar ɗauka. Ya rasa mai karanta masa ne da Hausa, kuma a ganina wannan gazawa ce tamu, mu malamai da masu shagunan intanet da masu unguwanni, fiye da tasa.

Sau biyu jikinsa ya ba shi matsala, a Sakkwato da Zariya, kuma duka biyun lokacin da ya yi ƙoƙarin zama ɗan 18 ne. Da ya yarda da tsakiyar layi jikin ya kai shi. Girman kai na Oga ya fi gwiwa daɗewa kafin ya saki, kuma ban tabbata da ya saki ba in ba don an zo darasin da hannunsa ya fi na kowa ba. Tela ko magini mai shekarunsa mai yiwuwa ba zai samu irin wannan rana da wuri haka ba.

Ko ya ci riba? A nan na kasa yanke masa hukunci yadda nake so. Ya nemi kaki don ya koma Gobir da bindiga, ya samu kakin, Gobir kuwa ta ƙara nisa. Ya rasa mata da gareji mai tasowa, ya samu albashin da ba ya jiran mota ta lalace, da fansho idan Allah ya kai shi. Da a 2021 wani ya gaya masa cewa soja ba ya zaɓen inda za a kai shi, ban sani ba ko zai fara. Da na tambaye shi ta waya, dariya ya yi ya ce motar da ya gyara jiya wasu ta ɗauka zuwa daji, ko ba dajinsu ba ne.

A ƙarshen kiran ya roƙe ni abu guda. Ƙanensa, wanda ya je faretin yaye, ya dawo da zancen soja a baki. Shekarunsa 21, ba shi da sana'a, kuma shi ma Turanci ya kayar da shi. Na aika a gaya masa muna farawa ranar Litinin bayan la'asar. Litinin biyu ke nan ban gan shi ba.